Mai Sunan Baba

Shagona da na Malam Rilwanu bango ɗaya ya raba su, a layin masu buga takardu da ke bayan kasuwar Gudu. Bangon ma na katako ne, saboda haka in ya yi atishawa ya yi hamdala, ni ke amsa masa daga nawa ɓangaren. Shekara goma sha huɗu muna haka. Ni sunana Ikilima, a layi kuma Maman Ameera ake ce mini. Sitika nake yankawa, irin wadda ake mannawa a gilashin mota da ƙofar shago. Shi kuwa manyan takardu yake bugawa, taswirar filaye ta masu safiyo, da zanen gini, da jadawalin masu haƙa rijiyar burtsatse. Duk wanda ya ce ya fi ni sanin mutumin nan, in ba matarsa Muhibba ba, ƙarya yake yi.

Bazazzagi ne, ɗan Tudun Wada, dogo siriri, mai biro uku a aljihun gaba. Ko zaginsa kake yi sai ya bari ka gama tukuna ya ce, "To, madalla." Zanen taswira ya karanta. Da ya zo Abuja neman abinci, a Mararaba ya sami ɗaki, kullum sai ya cinye awa biyu a cunkoso kafin ya iso wurin aiki. Aikin kuwa a ofishin wani dattijo ne, Alhaji Manniru, tsohon mai zanen taswira na gwamnati da ya yi ritaya ya buɗe ɗan nasa wuri a Apo. Dattijon ya ga hankalinsa, ya ba shi 'yarsa Muhibba. Da idanunsa suka fara rauni ya rufe ofis, sai ya ƙara masa da fulota, wato na'urar nan mai tsawon gado da ke riƙe biro ta yi ta zane a kan babbar takarda. Da ita Rilwanu ya buɗe shagon da ke jikin nawa.

Sai dai na'urar ta kwana biyu, sababbin kwamfutoci ba su san da zamanta ba, kamfanin da ya ƙera ta ma ya daɗe da rufewa. Rilwanu ya yi ta lalube har ya faɗa kan wata manhaja ta zana jadawali da taswira, ta kyauta, wadda masu ita suka bar cikinta a buɗe, duk wanda ya ga dama ya leƙa ya gyara ya tura musu gyaran. Mutane ne a warwatse a duniya, ba su taɓa haɗuwa ba, ba kuma mai biyan wani. Ni dai har yau ban gane abin da suke ci a ciki ba. Abin da ya rasa a manhajar shi ne direban fulotarsa. Direba, kamar yadda ya yi mini bayani sau uku kafin ya zauna mini a kai, ɗan rubutu ne da ke yin tafinta: manhaja ta ce a ja layi daga nan zuwa can, shi kuma ya gaya wa na'ura da harshen da take ji. Kowace irin na'ura da nata. Wata huɗu ya yi yana koyon abin, duk sanda kwastoma suka ɗauke ƙafa, har ya rubuta nasa, biro ya motsa.

To a nan halinsa ya fito. Masu manhajar suka karɓi aikin, suka tambaye shi wane suna za a sa wa direban a cikin jerin da mutum ke zaɓa kafin ya buga zane. Sauran jama'a lambar na'ura suke sawa su wuce. Rilwanu ya ce su a gidansu ba a kiran abu mai amfani da lamba, kuma ba a raɗa suna sai an kwana bakwai. Ya yi kwana bakwai cur yana gwaji. Ranar da suka cika ya sayo dabino da goro ya raba wa mutanen layi, sannan ya leƙo shagona yana sosa ƙeya.

"Maman Ameera, ɗan zo ki buga mini wata kalma."

"Me ya sami hannunka?"

"Sunan Baba nake so a sa. Kin san ba zan iya ba."

Na san mutum ba ya kama sunan surukinsa da baki, a haka duk muka tashi. Amma a ce da yatsa ma a kan kwamfuta ba za a iya ba, wannan ƙarin kunyar Rilwanu ce, ban taɓa jin ta wurin kowa ba. Na zauna na buga masa haruffa bakwai, manniru, shi yana tsaye yana kallon rufi.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Baba mata kaɗai ya haifa. Mazajen sauran 'ya'yan nasa, kowa ya sami ɗa namiji sai ya sa sunan nasa uban. Rilwanu da ya yi niyya tun ranar ɗaurin aure, Allah ya yi ta ba shi mata har huɗu, ya kuma karɓa hannu bibbiyu. Shi ke nan dattijo ya tashi ba takwara a duk zuriyarsa. Da Muhibba ta kai masa labarin cewa an yi masa takwara a cikin kwamfuta, an ce dariya ya yi har da tari. Asabar ɗin da ta biyo sai ga shi a keke napep, da sandarsa, ya zauna a bencin bakin ƙofar shago.

Tun daga ranar, Asabar ba ta wuce shi sai in ba shi da lafiya. Zai zo da hantsi, ya tafi bayan azahar. Gaisuwarsu ɗaya ce kullum. "Rilwanu, ya takwarana?" Rilwanu daga durƙushe ya ce, "Yana lafiya, Baba." In sallah ta zo sai ya taho da yadi ɗaya na shadda ya ce kayan sallar takwara ne, Rilwanu ya karɓa da godiya ya rufe kwamfuta da shi saboda ƙura. Kwastomomi kuwa ba wanda ya san ko wane ne tsohon da ke kan benci. Kwamfuta biyu ce a shagon, masu safiyo da kansu suke zama su buɗe aikinsu, sai ka ji wani ya ɗaga murya, "Oga Rilwanu, manniru zan zaɓa ko wanne?" Wani kuma ya ja tsaki, "Wannan manniru ya sake tsayawa a tsakiyar layi." Rilwanu ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige, Baba kuma yana murmushi abinsa. Ni a zatona alfahari ne kawai yake ji, sunansa ya shiga duniya.

Labari ya bazu cewa akwai wani a Gudu da ke tayar da matattun na'urori. Duk wanda ya sayi fulota tokumbo, wato gwanjon waje, ko injin yanka sitika ya ƙi magana da kwamfuta, wurinsa yake nufa. Shi kuma dabararsa ɗaya ce. Ya kwafi direban farko, ya canza 'yan layuka, ya yi gwajin kwana bakwai, ya sayo dabino, ya sa wa sabon sunan mai na'urar. Godfrey, wani mai buga allunan talla a Mararaba, ya sami nasa. Ni ma da na sayi injina na sami nawa. Ba zan ɓoye ba, na taɓa gaya wa dangin mijina a wurin biki cewa sunana yana cikin kwamfutocin Turai, kuma na lura sun canza mini kujera. Kafin shekara goma sha biyu direbobin Rilwanu sun kai goma sha ɗaya. In zai rubuta wa abokan aikinsa na waje wasiƙa a kan na Baba, "na farko" yake cewa. In ta kama dole sai sunan ya fito, sai ya kwafo shi daga wani wuri ya liƙa, don ya yanke wa kansa fatawa cewa kwafowa da liƙawa ba kama suna ba ne.

Bara da damina abin ya taso. Wata baiwar Allah ce ke riƙe da ragamar manhajar, Christina sunanta, tana can wata ƙasa mai sanyi, a hotonta ma da rigar sanyi take. Ta aiko masa da doguwar wasiƙa, ya leƙo ta taga ya fassara mini. Ta ce ta ɗora direbobinsa goma sha ɗaya a kan juna, ta ga layi talatin kawai suka bambanta, sauran duk abu ɗaya ne aka maimaita. Ta ce wani a Indonesiya ya sayi na'ura, ya buɗe jeri ya tarar da ikilima da godfrey da manniru, ta ina zai gane nasa?

Na ce, "Ya gwada ni mana, ai ba na cizo."

Rilwanu bai yi dariya ba. Ya ci gaba da karatu. Nan da wata biyu za a fitar da sabon zubin manhajar. Ko ya haɗe su duka su zama direba ɗaya, da suna irin na aiki wanda kowa zai gane, ko kuma a cire su gaba ɗaya, don ba wanda zai iya kula da abu goma sha ɗaya in ba shi ba. In an cire su, ranar da muka sabunta manhaja, shago goma sha ɗaya za su tsaya cak. In ya haɗe su, sunan Baba ya tafi, kuma shi ne zai share shi da hannunsa.

Raina ya ɓaci, don nawa sunan ma yana cikin waɗanda za su tafi. Na ce masa ya rubuta mata ta tsaya matsayinta, da can da yake shan wahalar rubutu tana ina? Ya ce, "Maman Ameera, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba." Amma duk da haka ya zauna ya rubuta mata shafi biyu a kan abin da ake nufi da takwara, da ragon suna, da yadin sallah. Ta amsa washegari da ladabi, har ta ce labarin ya taɓa mata zuciya. Sai dai maganarta tana nan.

Kwana uku bayan haka Godfrey ya zo ya gama kashe mana baki. Ya sauka daga acaɓa da kwali a hammata, gumi sharkaf, ya zazzage shi a kan tebur. Sitika arba'in ce ta wata makaranta, kowace da tambari zagayayye, kowane tambari kuma wuƙar injin ta ja masa wani dogon layi daga gefe har kusurwa.

"Oga Rilwanu, duba abin da injin na ta yi. Ka gyara ma kowa, ni ka manta da ni?"

Ashe tsohuwar matsala ce, in an gama zagaye da'ira wuƙa ko biro ba ya ɗagawa. Rilwanu ya gano ta tun bara waccan, ya bi direbobinsa yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara takwas, wuta ta ɗauke, kwastoma ya shigo, ya manta da uku. Ya daɗe yana kallon sitikun nan. Sannan ya ce, "Matar nan gaskiya ta faɗa."

Christina ba muguwa ba ce, na shaide ta a nan. Ta kawo sassauci. Ta ce za a iya barin tsofaffin sunayen na wata shida suna nuna hanya zuwa sabon direba, kamar yadda aka saba. Sharaɗin kawai, duk wanda ya kira tsohon suna, kwamfuta za ta rubuto masa gargaɗi cewa wannan ya tsufa, ya daina amfani, an kusa cire shi. Rilwanu ya karanta wurin sau biyu, ya cire tabarau.

"Maman Ameera, ki duba fa. A riƙa rubutawa a fuskar kwamfuta, daga nan har Indonesiya, cewa mai sunan Baba ya tsufa, ya daina amfani, an kusa cire shi. Wata shida ana yi. Kuma ni zan tsara kalmomin."

Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Shi ko gezau. Ya rubuta mata ya gode, ya ce in yankewa za a yi, a yanke lokaci ɗaya.

Yadda ya yi aikin ma abin kallo ne. Ya buga direbobin duka a dogayen takardu, ya shimfiɗa su a ƙasa, da shagonsa ya cika ya tsallako nawa. Ya bi su a tsugune da birukansa, layin da duk suka yi tarayya ya sa masa shuɗi, wanda ya bambanta ya sa masa ja. Kwana goma ina tsallake takardu in zan miƙa wa kwastoma kaya, ina mita, yana ba ni haƙuri. Daga nan ya ɗauki kwamfutarsa ya zaga shagunan nan ɗaya bayan ɗaya, Mararaba, Nyanya, Kubwa, har wani a Gwagwalada, yana gwadawa. Sabon direban da kansa yake tambayar na'ura ko wace ce, ya daidaita kansa. Ba sauran jeri, ba sauran zaɓi, danna maɓalli kawai za ka yi. Sunan da aka sa masa wasu haruffa huɗu ne da lamba, kamar na motar haya, ba wanda ya sayi dabino a kansa. Abin haushin, ya fi na da aiki. Injina bai taɓa fitar da kusurwa mai kaifi irin ta ranar ba, na duba na sake dubawa ina neman abin kushewa na rasa.

Saura gaya wa Baba, kuma a nan Rilwanu ya maƙale. Mutumin da ya iya yi wa Baturiya bayanin takwara a shafi biyu ya kasa haɗa jimla ɗaya. Ya roƙi Muhibba ta faɗa masa, ta ce wanda ya raɗa suna shi ya san yadda zai yi da shi. Ya roƙe ni, na ce ni ba 'yar gidan ba ce.

Asabar ta zo, Baba ya zauna a bencinsa. "Rilwanu, ya takwarana?"

"Yana lafiya, Baba."

Karon farko ke nan da na ji ƙarya daga bakin mutumin nan, kuma ba ta yi masa kyau ba. Ranar aiki ya yi ta tafiya sumul. Masu safiyo suka shigo, suka danna, suka naɗe takardunsu suka fita, ba wanda ya tambayi komai. Da Baba zai tafi sai ya ce, "Yau takwarana bai yi ɓarna ba ne? Ban ji ana ƙorafinsa ba." Rilwanu ya ce ai ya shiryu. Ya raka shi har keke, ya dawo ya zauna, ko abincin rana bai taɓa ba.

Shawarar da ta biyo baya tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce masa tunda Asabar kaɗai Baba ke zuwa, idanunsa kuma ba sa kai wa ga fuskar kwamfuta, me zai hana mu roƙi mutum biyu su riƙa ambaton sunan kamar da? Wa zai cutu? Rilwanu ya ce abin bai kwanta masa ba. Na ce to ka je ka faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Bayan sallar Juma'a na tara Godfrey da Malam Hafizu, wani mai safiyo da ya fi kowa daɗewa a cikin kwastomomin shagon, ya kuma fi kowa baki. Don su gane abin da ake so, dole na gaya musu cewa tsohon nan na kan benci shi ne mai sunan, kuma surukin Rilwanu ne. A nan na tafka kuskuren, ban ankara ba. Malam Hafizu ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi. Shekara nawa ina kama sunan dattijon nan gatsal a gabansa? Watan jiya fa na ce manniru ba shi da kai. Yana zaune, har ya ce mini sannu da aiki."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, gobe ma haka nake so ya yi. Ya ce zai ƙoƙarta.

Washegari na buɗe tagar da ke tsakanin shagunanmu na zauna kallo. Baba ya iso, aka gaisa. Can sai ga Malam Hafizu. Mutumin da shekara goma sallama kawai yake jefa wa benci ya wuce, yau tun daga nesa ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, ya tambayi ruwan sama. Ya shiga ya zauna gaban kwamfuta, ya yi gyaran murya sau uku.

"Malam Rilwanu, in zaɓi, wato, mai sunan, na farkon nan dai?"

Na harare shi ta taga. Ya ɗauke kai. Duk fatana ya koma kan Godfrey, don shi na ɗauka ba ruwansa da wannan kunyar tamu. Ashe shekara ashirin a Mararaba ba wasa ba ce. Ya shigo da ƙarfinsa, ya tsaya gaban ɗaya kwamfutar, ya ɗaga murya yadda har masu kayan miya za su ji.

"Oga Rilwanu, Alhaji Manniru zan danna, ranka ya daɗe?"

Ya kuma ɗan rusuna wa kwamfutar. Wallahi da idona na gani. Na toshe baki da gyale, Malam Hafizu ya ƙura wa bango ido, Rilwanu kuwa ya tsaya riƙe da naɗin takarda kamar an dasa shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma namu ko taku biyu bai kai ba.

Baba yana zaune a bencinsa. Ya bari suka gama buga aikinsu suka sulale, kowa da sallama mai tsawo. Sai da layin ya yi shiru, mutane sun fara haramar alwala, sannan ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Rilwanu, zo nan."

Ya zo ya durƙusa a gabansa.

"An cire takwarana ko?"

Rilwanu ya faɗa masa komai, kansa a ƙasa, tun daga wasiƙar Christina har sitikun Godfrey. Ya ce shi ya share da hannunsa, kuma ya yi masa ƙarya makon jiya, ya yafe masa. Bai ambaci sunana a maganar wasan da muka shirya ba, ni kuma daga taga na ce, "Baba, wannan shirmen nawa ne." Ya ce ya sani, Rilwanu ba shi da wannan wayon.

Sai ya koma tambaya irin ta masu sana'a. "Layi yana fita daidai?"

"Ya fi da, Baba."

"Da'ira tana rufewa?"

"Tana rufewa."

"To ka yi daidai. Mu ma a ofis in taswira ta sha gyara har ta rikice, sabuwa muke zanawa, ba ma ta manna takarda a kan takarda." Ya juya sandarsa a hannu. "Amma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba."

Rilwanu ya fara cewa akwai wani shafi na godiya a cikin manhajar, Christina ta sa sunan a can, yana nan har abada. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ba rubutun nake zuwa gani ba, ni da ba na gani. Kai ka ɗauka don sunana ya je Turai nake hawa keke duk Asabar? Me zan yi da Turai?" Ya sauke hannunsa. "Matata Hajiya, Allah ya jiƙanta, shekara hamsin Malam take ce mini. 'Ya'yana Baba. Jikoki Kaka. A masallaci Alhaji. Mutum na ƙarshe da yake kiran sunana tsurarsa shi ne Sale, wanda muka yi elementare tare, yau shekara tara da rasuwarsa. Duk wanda ya isa ya kira ni ya riga ni tafiya, waɗanda suka rage kuma kunyata suke ji. A nan kaɗai nake jin sa ba Alhaji ba Malam, wani lokaci har da tsaki. In suka ja tsakin nan sai in ji kamar Sale ne."

Kunyar kaina ta kama ni, tausayinsa kuma ya cika mini ciki. Shekara goma sha biyu ina kallon tsohon nan ta taga ina cewa alfahari ne, ashe kaɗaici ne ke kawo shi. Kuma 'yan mutanen da suka rage masu iya kama sunan ba tare da tunani ba, ni da bakina na mayar da su masu jin kunya.

Baba ya miƙa hannu ya lalubo kafaɗar Rilwanu.

"Ka faɗa sau ɗaya in ji. Ni na sa ka, ba rashin kunya ba ne."

"Baba, ku yi haƙuri."

"Ban taɓa roƙonka komai ba, Rilwanu."

Rilwanu ya buɗe baki ya rufe. Na ga gumi yana bin gefen fuskarsa, hannunsa ɗaya ya damƙe ƙafar benci. An fara kiran sallah a masallacin kasuwa, ba wanda ya motsa a cikinsu. Na so in ja taga in ba su wuri, hannuna ya ƙi. Can, da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ba don bangon katako ne ba da ban ji ta ba, ya ce,

"Manniru."

Tsohon ya ɗago kai da sauri, ya gyara zama.

"Na'am," in ji shi.